Kaniwo: daminar farko ce ke gwada aikin ɗan kwangila

A daminar 2024 ambaliya ta kashe mutane fiye da 300 a Nijar, kuma jihar Maraɗi ce ta fi jin jiki. A Damagaram tsohon masallacin unguwar Birni ya rushe, gwamnati kuma ta ɗage komawa lakwal zuwa 28 ga Oktoba. Ruwa ya yi yawa, gaskiya ne. Amma a cikin gari, hanyar da aka yi wa ruwan ma abin dubawa ce.

Shirye-shiryen Maraɗi Kwalliya a 2015, Tawa Sakola a 2017 da Zinder Sabuwa a 2018 sun kawo wa biranenmu gudron da pabe. Sai dai in sabon titi ya fi daɓen gidaje tudu, kaniwon gefensa kuma ya yi ƙanƙanta ko ba shi da mafita zuwa gulbi ko tabki, cikin gidaje ruwan ke komawa. Gangaren kaniwo, daɓe ƙasa da yawan siminti ba su ganuwa ranar bikin buɗe titi.

Shi ya sa ake karɓar kwangilar gwamnati sau biyu: karɓar wucin gadi, sannan ta ƙarshe, galibi bayan shekara guda. A tsakani ana riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila, wanda bai wuce 5 cikin 100 ba, gyaran duk wata ɓaraka kuma a wuyansa yake. Ke nan a daminar farko ya kamata mai unguwa da mazauna su kai kuka ma'aikatar magajin gari, a rubuce. Da zarar an sa hannu a karɓar ƙarshe, kuɗin gyara daga harajinmu za su fito.