Kirsimeti ta Ƙarato: A Bar wa Kaka da Jika Tukunyar Gashi

Kaka ta yi, gero da dawa sun shiga rumbu, hunturu kuma ya fara busowa. Kafin mu ankara Kirsimeti ta zo. Muna so mu yi shawara da ku a kan wani abu da ake gani ƙarami ne, watau abin taɓawa da ake ba yara da baƙi ranar idi.

A yawon da muke yi cikin ƙauyukan Achilafiya da Roni da Gwiwa, kowace shekara abu ɗaya muke gani. Ana saura mako biyu Kirsimeti, sai maigida ya fasa rumbu, ya kai hatsi kasuwar Kazaure ko ta Babura, a daidai lokacin da kowa ke kai nasa, farashi ya faɗi. Da kuɗin zai sayo burodi da biskit da lemon kwalba, a cinye cikin kwana biyu. In Yuli da Agusta suka zo, ga noma ga rumbu wayam, shi ne dai zai koma kasuwar nan ya sayi irin hatsin da ya sayar, da tsada, wani lokaci ma da bashi. Ra'ayinmu shi ne, abin idi a yi shi a gida, yawancinsa kuma da abin da gonarmu ta ba mu.

Bara mun kwana a wani gida kusa da Achilafiya. Da sassafe muka tarar da wata tsohuwa 'yar Zumuntar Mata da jikanta ɗan shekara biyar a bakin murhu. Ta kwaɓa fulawa gwangwani huɗu da garin dawa farfara gwangwani ɗaya, da yis cokali ɗaya, da sukari da ɗan man gyaɗa da gishiri. Ta daka citta da kanumfari da gyaɗar ƙamshi ta zuba. Yaron ne mai mulmulawa. Tana ce masa, "Maigida, in ba ka mulmula da kyau ba, yau ba ni da miji." Shi kuwa yana dariya yana cewa, "Kaka, nawa ya fi naki." Da ƙullun ya tashi, ta zuba yashi mai tsabta a gindin babbar tukunya, ta ɗora faranti a kan duwatsu uku, ta jera curin, ta rufe, ta sa garwashi a ƙasa da bisa murfi. Kafin a buga ƙararrawar sujada, ƙamshi ya cika unguwa. Ba ta sayar da ko tiya ɗaya ta hatsi domin wannan ba. Kuɗin fulawar daga ƙuli-ƙulinta ya fito.

Gashin idi ba baƙon abu ba ne. A Ingila akwai wani ɗan burodi mai kayan ƙamshi da suke zana masa gicciye a bisa, suna ci ranar Jumma'ar da muke tunawa da mutuwar Almasihu. Mu ma muna da namu tun kaka da kakanni: alkaki da funkaso da gurasar tanderu daga alkama, nakiya daga shinkafa da zuma da kimba da masoro, daƙuwa daga aya. Nakiya takan yi watanni ba ta lalace ba. Wane burodin kanti ne zai yi mako guda bai yi fumfuna ba?

Dalilin da ya sa muke nacewa a kan haɗa gari shi ne, yawancin alkamar da ake yin fulawa da ita a Nijeriya daga ƙasashen waje ake shigo da ita. A 1987 gwamnati ta hana shigo da ita, burodi ya yi wuya, har aka ɗage dokar a 1992. A 2022 yaƙin Rasha da Yukiren ya tayar da farashinta a duniya, a 2023 kuma cire tallafin man fetur ya ƙara kuɗin dako. Duk abin da ya faru a can nesa, a aljihun manomin Gwiwa yake ƙarewa. Garin dawa kuwa a rumbunmu yake.

Amma a yi daidai ruwa daidai tsaki. Alkama tana da wani danƙo da ke riƙe iskar da yis ke fitarwa, shi ya sa ƙullu ke kumbura. Dawa da gero ba su da wannan danƙo. In an sa kashi ɗaya cikin biyar, burodi zai tashi sosai. In an wuce haka da yawa, zai yi nauyi ya riƙa farfashewa. Cincin da ba ya bukatar tashi yakan ɗauki fiye da haka. A tuna kuma, sanyin hunturu yana sa yis nawa. A kwaɓa da ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, gama zafi yana kashe shi, sa'an nan a rufe kwanon a ajiye a rana.

Wasu za su ce yaran yanzu burodin leda suke so. Gaskiya ne, amma yaron da ya mulmula da hannunsa ba ya raina abin da ya gasa. Wasu kuma za su ce itace ya yi wuya. Wannan ma gaskiya ne, shi ya sa ba mu ce kowane gida ya hura tasa wutar ba.

Ga abin da muke roƙon kowace ƙungiya ta tattauna a taronta na gaba. Na ɗaya, a haɗa kuɗi a sayi buhun fulawa ɗaya da kayan ƙamshi a sari, a raba da mudu. Na biyu, matasa su gina tanderu ɗaya na laka kusa da majami'a, nesa da danni da rumbuna da tarin kara, domin gobarar hunturu ba ta da wasa. Gidaje su yi gashi bi da bi a wuta ɗaya. Na uku, a yi tanadi tun da wuri. Jiharmu tana noman alkamar rani, musamman a ƙasar Haɗeja, ana shuka ta a Nuwamba zuwa Disamba, a girbe wajen Maris, dab da Ista. Lokacin ne ya kamata ƙungiya ta saya, a yi alkaki da funkaso na Ista, a adana saura a busasshen wuri domin Kirsimeti. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na huɗu shi ne ya fi mana muhimmanci: kada a kori yara daga wurin aikin. A wanke musu hannu da sabulu, a ba su tankaɗe da mulmulawa da ƙirga curi, babba kuwa ya riƙe wuta da mai. Yaro yana koyon awo da lissafi da haƙuri a nan, yana jin labarin gidansu. Manzo Bulus ya shaida cewa bangaskiyar Timoti ta fara zama a cikin kakarsa Loyis. Tsofaffinmu da suka san gwargwadon tsamin alkaki da hannu kawai suna raguwa kowace shekara, ba kuwa a rubuce abin yake ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

In an gasa kuma, a cika kwano a ba yaran nan su kai wa maƙwabtanmu Musulmi, yadda su ma suke aiko mana da tuwo da nama ranar Salla. Shugabannin ƙungiyoyin da suka gwada, su aiko mana da labarin yadda abin ya kasance. Allah ya kai mu idi lafiya, ya sa albarka a rumbunanmu. Amin.