Kyarkecin Turai da Kurar Zamfara

Kakata a Gummi tana da wani labari da ba ta gajiya da bayar da shi. Wai wata kura ce ta addabi awakin unguwa, har wani maharbi ya yi mata kwanto ya harbe ta a ƙafa. Da gari ya waye, sai ga wani maƙwabci yana ɗingishi, ya naɗe ƙafa da tsumma. Kakata ba ta taɓa faɗin abin da aka yi wa mutumin ba, mu ma ba mu taɓa tambaya ba.

Na girma na tarar Turawa suna da irin wannan labari, sai dai nasu mutumin kyarkeci yake rikiɗa idan wata ya cika, kuma raunin da aka yi wa dabbar da dare a jikinsa ake ganinsa da safe. Daga nan suka gina wani reshe na finafinan ban tsoro wanda har gobe yake da masoya. A ganina, abin da ya raya waɗannan finafinai shi ne tambayar da suke yi: yaya gari zai yi idan abin da ke cinye shi da dare mutum ne da ake gaisawa da shi da rana?

A 1961 kamfanin Hammer na Ingila ya fitar da The Curse of the Werewolf, wanda Terence Fisher ya ba da umarni, Oliver Reed ya fito a matsayin Leon. Uwar Leon baiwa ce bebiya da aka yi wa fyaɗe a kurkuku, don haka da zalunci aka fara rayuwarsa tun kafin a haife shi. Da ya gane abin da yake aikatawa, shi da kansa ya roƙi a kashe shi kafin wata ya fito. A ƙarshe, yayin da jama'a suka taru da wuta a hannu, uban riƙonsa ne ya harbe shi da harsashin azurfa. Mai kallo yakan tashi da tsoro da tausayi a haɗe.

A Sifaniya kuwa, Jacinto Molina, wanda aka fi sani da Paul Naschy, ya ƙirƙiro Waldemar Daninsky a 1968, ya kuma fito a matsayinsa a finafinai fiye da goma, ciki har da La noche de Walpurgis na 1971. An yi wannan aiki a zamanin mulkin Janar Franco, kuma Daninsky ɗan Polan aka mayar da shi, domin masu tace finafinai ba su yarda dodo ya zama ɗan ƙasa ba. Kowace al'umma ta fi son ta ce mugunta baƙuwa ce.

Wannan yana tuna mini da gida. A farkon Janairun 2022 'yan bindiga suka afka wa ƙauyuka a Anka da Bukkuyum. Mazauna yankin suka ce an kashe mutum kusan 200, gwamnatin jiha ta ce 58. Duk wanda ya zauna da mutanen waɗannan wurare ya san cewa bayan tsoron daji akwai wani tsoron da ya fi shi cin rai, wato na mai kai rahoto. Wa ya faɗa musu wanda ya sayar da shanu ranar kasuwa? Wa ya nuna ƙofar gida? Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Mutum yana sahu ɗaya da kai a sallar asuba, kana zargin shi ne ya buga waya jiya da dare. Kurar kakata ke nan, ta dawo da wayar hannu.

Sai dai tarihin kyarkecin Turai yana da wani darasi da ya fi ɗaci. A 1589, a garin Bedburg na Jamus, an azabtar da wani manomi mai suna Peter Stumpp har ya ce Shaiɗan ya ba shi ɗamarar da ke rikiɗar da shi kyarkeci. Aka kashe shi a bainar jama'a, aka haɗa da 'yarsa. Ikirarin da aka tatsa da azaba ba hujja ba ce, amma ya ishi taron da ke jin tsoro. Mu ma mun ga yadda kisan da wasu 'yan sa-kai suka yi wa mutane a kasuwanni, bisa zargi ko don ƙabilarsu kawai, ya ƙara rura wutar da aka ce an zo kashewa. Yaron da aka kashe wa uba ba tare da shari'a ba, daji ne ke jiransa.

Wani zai ce mutanen da ke kwana da kunne ɗaya ba su da bukatar fim ɗin tsoro, kuma yana da gaskiyarsa. Wani kuma zai ce tausaya wa Leon tamkar wanke ɗan bindiga ne. Ban yarda da wannan ba. Leon bai zaɓi halinsa ba, mai ɗaukar bindiga da mai kai rahoto kuwa sun zaɓa, kuma hukunci ya wajaba a kansu a gaban alƙali. Abin da fim ɗin ya ƙara shi ne tambayar yadda aka yi mutum ya kai ga haka, da kuma nuna mana fuskokin masu riƙe da wuta.

Shi ya sa nake ganin masu shirya finafinan Hausa sun bar taska a ƙofar gida. Muna da kura, muna da labarin rikiɗa, muna da zargin maita da ya sha raba tsofaffi mata da gidajensu. Fim ɗin da zai ɗauki labarin kakata, ya bi mutumin nan mai ɗingishi har zuwa ƙofar mai unguwa, zai faɗi abin da rahotanninmu na jarida suka kasa faɗa. Ni dai yanzu tambayar da nake son yi wa kakata, da tana raye, ita ce: shin akwai wanda ya kwance tsumman nan ya duba ko sartse ne ya soke shi a gona?