Ra'ayinmu: Wuƙa a hannu ake gane ta, kafin kuɗi su fita aljihu

Duk shekara, da zarar layya ta ƙarato, tallan wuƙaƙe ke cika shafukan Facebook da TikTok da dandalin WhatsApp na mutanen Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa. Bidiyon kusan iri ɗaya ne. Wuƙa tana ƙyalli, ta tsaga takarda, ta ratsa tumatir, ta aske gashin hannun mai talla. Daga nan sai a nuno kwali mai wuƙa biyar ko shida, a soke tsohon farashi da jan layi, a ce kaya sun kusa ƙarewa. Abin da ya rage maka shi ne ka tura kuɗi, a sa maka ƙunshin a motar kamfanin sufuri, ka je tasha ka karɓa.

Wannan kafa ba ta gaba da ciniki ta intanet, don mu kanmu a can muke aiki. Ta wannan hanya mata da yawa ke sayar da turare, atamfa da kayan kicin daga ɗakunansu, kuma da Airtel Money, NITA ko Amana, mutumin Tanut ko Bouza na iya sayen abin da babu shi a kasuwar garinsu. Amma kaya suna suka tara. Wuƙa na cikin waɗanda hoto ba ya faɗin gaskiyarsu, kuma matsayinmu shi ne: in akwai maƙera ko shagon da ƙafarka za ta kai, je ka riƙe wuƙar a hannu kafin ka biya.

Dalilin yana cikin ƙarfen kansa. Kaifin da ake nunawa a bidiyo ba ya tabbatar da komai, domin ko murfin gwangwani aka wasa zai yanka takarda sau ɗaya. Abin tambaya shi ne kwana nawa kaifin zai yi, kuma in ya dakushe, ko dutse zai iya maido da shi. Wannan ya danganta da irin ƙarfen da kuma yadda aka ba shi wuta aka tsoma shi. Ƙarfen da bai sha wuta yadda ya kamata ba, bakinsa lanƙwashewa yake yi da ya haɗu da guringuntsi. Wanda aka ƙona fiye da kima kuwa, ɓallewa yake yi kamar kwalba. A allon salula dukansu ƙyalli ɗaya suke yi. Haka ma ƙota: wuƙar kirki ƙarfenta na shiga can cikin ƙotar, wani lokaci har ƙarshe, a ɗaure shi da ƙusa. Ta banza kuwa ɗan guntun harshe ne aka cusa cikin roba aka liƙe, kuma ranar da ka matsa mata a kan haƙarƙari, ranar za ta rabu biyu a hannunka. Har zanen igiyar ruwa da ake tallatawa da sunan ƙarfen Dimashƙa, a kan wuƙaƙe masu araha sau da yawa fenti ne ko zane da aka buga a sama, wanda wasawa ke gogewa.

Mai zuwa kasuwa yana da hanyoyin gwaji da mai kallon bidiyo ba shi da su. Zai ji nauyin wuƙar, ya ga ko ta zauna a tafinsa. Zai girgiza ƙotar ya ji ko tana motsi. Zai miƙe ta a gaban ido ya duba ko bakin ya karkace, ya ɗan tanƙwara ta ya ga ko za ta koma daidai. In bai sani ba, akwai mahauci ko mai kilishi a kusa da zai tambaya, kuma babu wanda ya kai su sanin wuƙa. Mai kilishi da ke shimfiɗa tsoka ta zama kamar takarda, da wuƙar maƙeri yake wannan aiki, yana wasa ta yana ci gaba. Da wuƙaƙen kwali sun fi, da tuni rumfunan fawa sun koma kansu.

Maƙeranmu, daga Katako a Yamai zuwa kasuwar Dole ta Damagaram, galibi da tsohon ƙarfen mota suke aiki, musamman faifan resor da ke ɗaukar nauyin manyan motoci. Ƙarfe ne mai tauri da ke karɓar kaifi sosai, kuma dutsen wasawa na gida ya ishe shi. Aibinsa sananne ne: yana tsatsa in aka bar shi da ruwa ko jini, sai an wanke, an goge, an shafa masa ɗan mai. Wuƙar inoks ba ta buƙatar wannan kulawa, shi ya sa uwargida ke son ta wajen yanka albasa da kuɓewa, kuma tana da gaskiya. Amma wuƙar yanka, wuƙar fiɗa da barhon sara ƙashi aiki ne daban, kowace da tsawonta da kaurinta. Maƙeri zai tambaye ka rago ne ko sa, ya ƙera maka daidai, baduku ya ɗinka mata kube. In ƙota ta saki bayan shekara, ka san rumfar da za ka koma.

Sai maganar kuɗi, inda talla ta fi ruɗar mutane. Farashin da ke kan hoto ba shi ne abin da za ka biya ba. A ce an rubuta jikka goma. Ƙara kuɗin turawa, kuɗin mota, da na kabu-kabun da zai kai ka tasha ya dawo da kai. In kuwa daga manyan shagunan intanet na ƙetare irin su AliExpress ka yi oda, akwai kuɗin jigila da na duwan, ga jiran makonni. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, kaya masu yawa da a da ke shigowa ta Kwatano sun koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, farashi ya bi ta. Babban abin dai shi ne, in ka buɗe kwali ka tarar ba abin da ka gani ba ne, wa za ka kama? Mai shafin na iya toshe lambarka, gobe ya buɗe wani da sabon suna. Ko da mai gaskiya ne, kuɗin mayar da kayan zai kusa cinye darajarsu. Cinikin biri a sama ke nan, kuma araha ba ta ado.

A ranar layya wannan kuskure ya wuce asarar jikkuna. Addini ya yi umarni a kyautata yanka, a wasa wuƙa sosai don a hutar da dabba, kada ma a wasa ta a gabanta. Wuƙar da ta dakushe ko ta lanƙwashe a tsakiyar yanka azaba ce ga ragon da aka kashe kuɗin watanni a kansa. Kuma kowa ya san aikin da ke biyo baya a gidajenmu: fiɗa, buɗe rago a shimfiɗa shi a kan itace a jera kewaye da wuta, washegari a sassara a raba wa dangi da maƙwabta. Mahauta da ma'aikatan asibiti za su gaya maka cewa dakusasshiyar wuƙa ta fi mai kaifi raunata mutum, domin sai ka danna da ƙarfi, ita kuma ta zame ta sami yatsa.

Duk da haka, kada a ɗauka duk abin da ke kasuwar gida zinariya ne. Teburan da ke cika bakin titi gab da salla, akasarinsu wuƙaƙen kwalin nan ne dai na masana'antun Sin suke sayarwa, irin waɗanda ke yawo a intanet. Bambancin kawai, a nan kana iya taɓawa ka ƙi. Su ma maƙera suna da nasu laifin. Wani zai karɓi kuɗinka ya yi ta ɗaga maka rana har salla ta wuce. Wani aikinsa na yau ya yi kyau, na gobe ya lalace. Farashi kuma ya danganta da rigar da ka sa. Matashin da ya saba ganin farashi a rubuce da kaya a cikin kwali mai tsabta, ba mamaki in ya juya wa wuƙar da aka miƙo masa a tsumma baya. Sannan mai dafa abinci a babban otel da ke neman wata wuƙa ta musamman da ba a ƙera irinta a nan, intanet ce mafitarsa, ba wanda zai zarge shi.

Akwai wani ɓangare da ya fi damun mu. A shafukan nan ba wuƙar kicin kaɗai ake tallatawa ba. Akwai masu naɗewa su shige aljihu, da masu siffar ta sojoji, ana nuna su da kiɗa kamar kayan ado. Damagaram ta san abin da wuƙa da adda suka yi a hannun matasan “palais” a shekarun baya, kuma unguwannin Yamai da Maraɗi sun san ƙwacen salula da tsinin ƙarfe. A kasuwa, yaro ɗan shekara 15 da ya zo neman irin wannan wuƙa zai haɗu da idon maƙeri, wataƙila ma wanda ya san ubansa. Ba kullum wannan ke hana ciniki ba, amma shinge ne. A salula babu mai tambayar shekaru, lambar turo kuɗi kawai ake bayarwa.

Ga ƴan uwanmu da ke Abijan, Akara, Libiya, Aljeriya, Faransa ko Amurka, mun san niyyarku. Kun tura kuɗin rago, kuna son ku haɗa da wani abu mai kyau da za a ce daga wajenku ya zo. Shawararmu ita ce ku ƙara jikka kaɗan a kan kuɗin layyar, ku ce wa ƙane ko baba ya je maƙera da kansa, makonni kafin salla, tun ba a fara layi ba. In kuna son gani, ya kira ku ta bidiyo daga rumfar. Kuɗin zai shiga hannun maƙeri, mai gawayi, baduku da yaron da ke jan zugazugi yana koyon sana'a, duk a garinku.

Wanda kuma ya ga dole sai ta intanet, to ya tsaya a kan sharaɗi guda: ba biya sai kaya sun iso ya buɗe ya duba. Ya nemi mai sayarwa da ke da shago sananne da za a iya zuwa, ya tambayi tsawon wuƙar da irin ƙarfenta, ya ajiye saƙonni da takardar tura kuɗi. Tun 2019 Nijar ke da dokar hukunta laifukan intanet, amma ƙara ba ta tafiya ba tare da shaida ba.

Hukumomi ma suna da aiki. Ma'aikatar kasuwanci ta tilasta wa masu talla a shafukan sada zumunta bayyana sunansu na gaskiya da inda suke, jami'an tsaro kuma su sa ido a kan masu tallata wuƙaƙen faɗa ga yara. Majalisar masu sana'o'in hannu, CMANI, da sarakunan maƙera su taimaka wa ƴaƴansu su daidaita aiki: kowane maƙeri ya buga tambarinsa a jikin wuƙa, ya sa farashi tsayayye, ya cika alƙawarin rana. Matasan da suka iya ɗaukar bidiyo da salula, ga kasuwa a gabansu. Su je maƙera su ɗauki yadda ake dukan ƙarfe da yadda ake tsoma shi, su sa lambar maƙerin da unguwarsa, su shirya kai kaya gida a biya a bakin ƙofa. Ranar da aka yi haka, mai saye daga Tawa ko daga Abijan zai iya yin odarsa ta salula, ya kuma san sunan wanda zai koma wa in ƙota ta saki.