Amaryar da ba ta da wurin yaji

Jama'a, da zarar an kai hatsi rumbu a karkarar Attantane, cikin gundumar Mayahi, abu biyu ke tashi tare: bukukuwan aure da tafiya biɗa. Samari su ɗaure ƙunshi su nufi Kano, Legas, Abijan, wasu Libiya ko Aljeriya, su komo da faɗuwar ruwa. Wannan kowa ya san shi. Wanda ba a cika zancensa ba shi ne mutumin da ya je ya kafu can, ya samu tebur ko shago ko aikin gadi, ya aiko aka ɗaura masa aure gida, sa'an nan ya ce a sako masa amarya cikin mota.

Iyaye kan yi murna, musamman in Najeriya za a kai ta. Ai Hausa ce, in ji su, addini ɗaya, tuwo ɗaya, daga Ɗan Isa zuwa Jibiya ko rabin yini ba a yi. Gaskiya ne. Amma ranar farko da yarinya ta buɗe baki a tsakar gidan haya, ta ce gujiya inda ake cewa gyaɗa, ta ce hura inda ake cewa fura, ta ce lakwal, matan gida suka tuntsure da dariya suka laƙaba mata "ƴar Nijar", ranar za ta gane baƙuwa ce. Ko lissafin cefane sai ta sake koyo, domin ta tashi da ƙidayar dala, inda dala ashirin ke nufin sefa 100, ga ta yanzu da naira wadda ake ƙirgawa kai tsaye. Waɗannan ƙananan abubuwa ne, wata uku sun wuce. Wadda aka kai Abijan ita ce ma ke shan wuya, don sai ta kama Julanci ko Faransanci kafin ta iya tayin tumatir a kasuwar Ajame.

Babbar matsalar tana wani wuri. A ƙauye aure ba ya tsayawa a kan mutum biyu. In miji ya wuce gona da iri, mace ta ɗauki mayafinta ta taka da ƙafa zuwa gidan ubanta ko na kawunta, ta yi yaji. Kwana biyu, kwana uku, miji ya aiko manya biko, a zauna a zaure, a faɗa masa abin da ba ya son ji, a faɗa mata nata, ta koma ɗakinta da mutuncinta. Masu ganin yaji fitina ce ta mata ba su duba da kyau ba: shi ne linzamin da ke riƙe miji, kuma aure da yawa da shi suka kai tsufa. To, wannan linzami da tafiyar ƙafa yake aiki. Wadda ke Agege a Legas, ba ta san tasha ba, ba ta da kuɗin mota, ga goyo, gidan wa za ta? Miji ma ya san haka. Ko mutumin kirki ne, sanin babu mai tsawata masa kan sake masa hali sannu a hankali.

Kuma ba yaji kaɗai ta baro ba. Ta baro gamana, ɗan filin da mace ke nomawa don kanta, wake ko riɗi, abin da ta samu nata ne ba na gandu ba. (A kudancin Maraɗi ƙarancin ƙasa ya fara cinye wannan gamana tun ba yau ba, amma wannan zance ne na wata rana.) Ta baro awakinta. Ta baro biki, wato bashin zumunci da mata ke ɗora wa juna a suna da aure, wanda shi ne asusun matan karkara. A birni sai ta tarar da ɗaki guda da ƙofa, watakila da kulle, ko gishiri sai ta jira maigida ya komo da dare. Macen da ta saba ciyar da kanta rabin shekara ta koma mai miƙa hannu, kuma yawancin faɗan da ake cewa na rashin kunyar amarya ne daga nan yake tasowa.

Zangon Hausawa bai rasa nasa magani ba. Akwai sarkin Hausawa, akwai limami, akwai maigidan da ya sauki mijin tun yana saurayi, kuma matar wannan maigida sau da yawa ita ke zama uwar amarya, ta sa ta cikin adashi, ta koya mata sana'ar cikin gida, ƙosai ko kitso ko ƙullin omo da sukari. Amaren da suka zauna lafiya, in aka bincika, irin wannan uwa suka samu. Sai dai duk waɗannan mutanen miji ne, shi suka sani tun farko. Waya ta rage nisa, gaskiya: da can sai a cika kaset da magana a ba direba, yau saƙon murya ta WhatsApp na isa Attantane nan take. Amma uwa na iya jin kukan ɗiyarta ta waya, ba ta iya buɗe mata ƙofa.

Sa'an nan ga iyaka, wadda ake mancewa da ita sai ranar da ta rufe. A watan Janairu 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu, ta ba su mako biyu, kuma ƴan Nijar da yawa na ciki. A watan Afrilu 1984 Janar Buhari ya rufe iyaka, ba a buɗe ba sai 1986, daidai lokacin yunwar da mutane suka sa wa sunansa. An sake rufewa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an kuma rufewa bayan juyin mulkin Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Tun 29 ga Janairu 2025 Nijar ba ta cikin Sedeyawo, ko da yake ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin mutane su wuce. Ɗan kasuwa ya san hanyar daji, ya san ɗan kabu-kabun da zai ƙetare da shi. Mace mai ciki ba ta sani ba.

A nan ne ma'aikatan meri da hakimai ke da nasu alhaki. Aure nawa ake ɗaurawa a ƙauyuka da goro da fatiha da shaidu, ba a rubuta ko ɗaya ba? Muddin ana gida, shaidu na nan da ransu. A ƙasar waje shaidar ita ce takarda. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba matar ɗan ƙasa damar neman zama ƴar ƙasa, Nijar kuma tun 2014 ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu, amma dukkansu sai an nuna an yi auren. In miji ya rasu, ko ya yi saki ya riƙe yara, wadda ba ta da takardar aure ko ta haihuwa za ta tsaya gaban alƙalin da bai san garinsu ba, ba ta da abin nunawa. Waliyyin da ya kwana uku yana gardamar sadaki da kayan ɗaki, ya kasa ɓata safiya guda ya je meri, bai gama aikinsa ba.

Wasu iyaye mata dai ba su jira hukuma ba. Ba sa sayar da awakin yarinya duka don cika mata kwalla da kwanoni. Sukan riƙe jar akuya guda ko biyu a gida da sunanta, suna kiwo, suna haihuwa. Ranar da saƙo ya zo cewa zama ya ƙi, a kai ɗaya kasuwar Mayahi ko Tasawa, a aika mata kuɗin mota, a hannunta, ba ta hannun miji ba.