Labarin Inji A Tambayi Baƙin Mai

Masu iya magana kan ce, labarin zuciya a tambayi fuska. Haka abin yake ga ƙananan injuna, domin babu abin da ke tona asirin lafiyar inji kamar baƙin man da ke cikinsa. Injunan yankan ciyawa da ke gyara filayen Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, da injunan ban-ruwa na masu lambu a bakin Kubanni da Galma, da janaretocin da ke ruri a shagunan Sabon Gari, kusan duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Galibinsu suna aiki ne bisa tsarin bugu huɗu wanda Bajamushe Nikolaus Otto ya kammala a shekarar 1876, kuma cuta iri ɗaya ke kashe su, wato baƙin mai ya yi dauɗa ya tsinke.

Idan haka ta faru, abin da aka saba shi ne a yi ciko, ko a yi juye a ci gaba da aiki. Wannan al'ada tana bukatar gyara. Man da ya tsinke alama ce ta wata cuta da ke ɓoye, kuma wanda ya zubar da shi bai duba shi ba tamkar likita ne da ya ɗebi jinin majinyaci ya zubar bai kai ɗakin gwaji ba.

Da farko ya kamata a san aikin man. Janaretan gida yana juyawa sau 3,000 a minti ɗaya, wato sau 50 a daƙiƙa guda. A irin wannan gudu, abin da ke hana fistin cin bangon silinda shi ne shimfiɗar mai wadda ba ta kai kaurin gashin kai ba. Man yana rage gogayya, yana kwashe zafi, yana wanke dauɗa, yana kuma toshe 'yar kafar da ke tsakanin ringi da silinda. Duk wannan ya dogara ne ga kaurinsa. Lambobin da ake gani a jikin galan, kamar SAE 30 ko SAE 40, ma'aunin wannan kauri ne, kuma ana auna shi a zafin digiri 100. Galibin waɗannan injuna iska ce ke sanyaya su, ba su da lagireto, ba su kuma da matatar mai irin ta mota. Wani ɗan cokali ne a ƙasan sandar fistin ke fantsama man ko'ina. Saboda haka duk dauɗar da ta shiga, tana nan tana zagayawa har ranar juye.

Baƙin launi shi kaɗai ba laifi ba ne. Man zamani yana ɗauke da sinadaran wanki masu riƙe kunkunniya don kada ta daskare a jikin ƙarfe, kuma man da ke aikinsa dole ya yi duhu. Abin tsoro shi ne tsinkewa, kuma babban mai jawo ta shi ne fetur da ya sulale ya gauraya da man.

Hanyoyin shigarsa sanannu ne. A cikin kafireta akwai wani ɗan tulu da ke yawo a kan fetur, yana tura wata allura ta toshe hanya idan ƙoƙon ya cika. Ƙwayar tsatsa ko yashi guda ɗaya ta isa ta hana allurar zama daidai. Idan aka bar famfon fetur a buɗe aka kwana, fetur zai yi ta tsiyaya zuwa silinda, ya bi gefen ringi ya gangara cikin man. Hanya ta biyu ita ce barin cok a rufe bayan inji ya tashi, ko kuma matatar iska ta toshe da ƙurar hunturu, wadda ba baƙuwa ba ce a Zariya daga Disamba zuwa Fabrairu. Iska ta yi ƙaranci, fetur ya yi yawa, wanda bai ƙone ba ya wanke bangon silinda ya sauka. Ta uku ita ce cinyewar ringi. Ta huɗu kuwa ta fi shafar injin yankan ciyawa: idan aka kishingiɗar da shi don share wuƙarsa ba a kula da gefen da aka kwantar ba, fetur da mai sukan malala inda bai dace ba. Ƙa'ida ita ce gefen kafireta da matatar iska ya kalli sama.

Gano cutar ba ya bukatar na'ura. A kashe inji, a bari ya huce, a zare wayar fulogi, a ajiye shi a wuri mai daidaito, sannan a zaro geji. Idan man ya haura alamar da aka cika shi, to, a sani mai ba ya haihuwa, wani abu ne ya shiga. A sansana: warin fetur ba ya ɓuya. A murza ɗigo tsakanin yatsu a kwatanta da sabon mai, a ji ko santsin ya tafi, ko akwai gurzar yashi. A ɗiga kaɗan a farar takarda a bar ta ta sha: man da fetur ya shiga yakan bazu da sauri, dauɗa kuma ta taru a tsakiya. Idan ya yi fari-fari kamar shayi da madara, ruwa ne ya shiga, abin da kan sami injin da aka bari a waje da damina. Idan yana ƙyalli a rana, ƙarfe ne ya fara cinyewa. Kada a kuskura a gwada shi da ashana.

Magani sai ya bi tsari. A fara toshe ɓarakar, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A wanke kafireta, a sauya allurar idan ta ci, a wanke ko a sauya matatar iska, a tace tankin fetur. Bayan haka a juye man yana da ɗumi don ya fito da dauɗarsa, a zuba sabo daidai alamar geji. Idan inji yana fitar da shuɗin hayaƙi kuma ƙarfinsa ya ragu, aikin ringi ne, sai makanike. Wannan bayani bai shafi ƙananan janaretoci masu bugu biyu ba, waɗanda dama ake gauraya musu mai da fetur.

Mai inji yana iya cewa mai ya yi tsada, balle tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuɗin gudanar da inji ya ƙaru. Kukansa gaskiya ne, amma lissafi bai goyi bayansa ba. Injin Honda GX160, wanda ake ɗora wa famfunan ban-ruwa da yawa, man da yake ci bai wuce lita 0.6 ba, kuma masu ƙera shi sun ce a yi juyen farko bayan awa 20, daga nan duk bayan awa 100 ko wata shida. Inda ƙura ta yi yawa, sai a matso da lokacin. Kuɗin wannan bai kama ƙafar kuɗin fistin da ringi da ladan makanike ba, ban da tumatirin da zai bushe a lambu kafin injin da ya buga ya dawo daga gareji. Haka nan man kwalba na bakin titi wanda ba a san asalinsa ba, araharsa ba ta ado.

A nan malaman kimiyya ke da rawar takawa. Kauri da gogayya da ƙonewa duk suna cikin darussan fiziks da kemistiri na sakandare, amma sau da yawa a allo suke tsayawa. Kwalabe uku, ɗaya da sabon mai, ɗaya da tsoho, ɗaya da wanda aka ɗiga wa fetur kaɗan, da faranti mai gangara da agogo, sun isa ɗalibai su auna da idonsu wanne ya fi saurin gangarowa, muddin an yi a fili nesa da wuta. Ɗalibin da ya yi wannan gwaji zai koma gida ya rufe famfon fetur kowane dare, ya rubuta ranar juye a ɗan littafi, ya kuma hana a zubar da tsohon mai a kwata, inda ruwan sama zai kwashe shi zuwa Kubanni.