Daga gwamnan Yamai zuwa majalisar Madarumfa: ina matan ƙasa suka tsaya?

Ranar 13 ga watan Mayu 1991, matan Yamai suka fito kan titi, suka nufi ofishin Firaminista. Dalilin fitowarsu shi ne, a cikin kwamitin shirya Babban Taron Ƙasa mace ɗaya tak aka sanya. Hukuma ta saurara, aka ƙara musu kujeru, kuma wannan rana ta zama ranar matan Nijar. Cikin waɗanda suka yi wannan fafutuka akwai Malama Aishatu Bulama Kane, haifaffiyar Keita ta jihar Tawa, wadda ta yi karatun tattalin arziki a Faransa.

Ta shiga taron ƙasa a inuwar jam'iyyar PNDS-Tarayya, ta zama ɗaya daga cikin manyan matan jam'iyyar. Da jam'iyyar ta karɓi mulki a 2011, sai aka naɗa ta gwamnan Yamai, ta riƙe har 2013. Wannan aiki ba na zaman ofis ba ne: a zamaninta ne, a 2012, kogin Kwara ya yi ambaliya, ya raba dubban mazauna birnin da gidajensu. Daga nan ta koma shugabar ma'aikatan fadar Firaminista, a 2015 ta gaji Bazum Mohamed a ma'aikatar harkokin waje, a 2016 ta zama ministar fasali, daga baya jakadiya a Faransa, har juyin mulkin Yuli 2023.

Abin lura a nan shi ne, manyan muƙaman nan duka da takardar naɗi aka same su, ba da ƙuri'a ba. Wannan bai rage mata daraja ba, domin ilimi da juriya ne suka kai ta. Amma hanya ce da ba ta buɗe wa kowace mace. Macen Madarumfa, ko ta Ɗan Isa, ko Gabi, ko Jiratawa, wadda ta koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci, ba ta da wata ƙofa sai majalisar ƙaramar hukuma.

Dokar kaso ta shekarar 2000 ce ta buɗe wannan ƙofa. Ta tilasta wa jam'iyyu ba mata aƙalla kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe, da kashi 25 na muƙaman naɗi. Amfaninta ya fito fili: majalisar dokoki ta 1999 mace ɗaya gare ta cikin ƴan majalisa 83, ta 2004 kuwa mata 14 cikin 113. A zaɓen ƙananan hukumomi na Yuli 2004 mata suka shiga majalisun karkara. An ɗaga kason zuwa 15 a 2014, sannan 25 a 2019. Sai dai doka ta ba su kujera, ba ta ba su kujerar magajin gari ba; wannan sai shawarar shugabannin jam'iyya, waɗanda galibinsu maza ne. Ko da yake, a ƙasar Maraɗi sarautar mace ba baƙuwa ba ce: Iya tana fadar Katsinar Maraɗi, Inna tana ta Gobir a Tsibiri.

Yanzu kuwa matakan biyu babu su. A watan Afrilu 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa wakilan hukuma su riƙe su; a watan Maris 2025 aka rushe jam'iyyun siyasa. Ke nan an koma ga naɗi kaɗai, hanyar da ta fi dacewa da mai babbar takardar shaida. Matan da suka yi shekara ashirin suna koyon karanta kasafin kuɗi, suna muhawara kan rijiya da ɗakin haihuwa da harajin kasuwa, suna nan a garuruwansu. Duk tsarin da za a kafa nan gaba, su ne ya kamata masu naɗi a Maraɗi da Yamai su fara nema.