A Fitar Da Aikin Hannun Ɗalibai Zuwa Gona

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta, ko ta Bichi, ya san cewa a wannan yanki daji ya ƙare. Gona na manne da gona, ƙauye na hango ƙauye, kuma ba a barin saura ta huta ko da shekara guda. Tun cikin shekarun 1960 masanin nan Michael Mortimore ya yi nazarin yadda mutanen kewayen Kano ke rayar da ƙasarsu da takin dabbobi da toka da sharar birni da ake kaiwa a kan jakuna. Yau jama'a ta ƙaru, gadon gona kuwa sai daɗa tsukewa yake yi.

A cikin wannan yanki ne aka kafa Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Dawakin Tofa a 1977, kana daga baya aka sami Kwalejin Ilmi ta Tarayya mai horar da malaman fasaha a Bichi, da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Ɗambatta. Saboda haka ya kamata hukuma da malamai su tambayi kansu: abin da ɗalibi ke ƙerawa ko zanawa kafin ya karɓi satifiket, wa yake amfana? Sau da yawa a makarantun ƙasar nan, da zarar an ba da maki sai a kulle aikin a ɗaki, ƙura ta rufe shi.

Mun taɓa ganin irin wannan hasara. Lokacin da aka soma tsarin ilmi na 6-3-3-4 a 1982, an sayo injunan koyar da sana'a daga ƙasashen Gabashin Turai, amma da yawansu suka ruɓe a cikin akwatunansu, domin babu lantarki, babu ɗakin aiki, babu ƙwararren malami. An kawo kaya ba a tambayi buƙatar wurin ba.

A ganinmu, daga ƙauye ya kamata aikin ɗalibi ya taso. Mai 'yar ƙaramar gona ba shi da halin tarakta. Abin da ke damunsa shi ne sussukar gero, da ɓarar gyaɗa, da ƙwarin da ke cinye wake a rumbu, da tumatir da ke ruɓewa a fadamun Watari kafin a kai kasuwa. Ɗalibin injiniya ya ƙera injin ɓarar gyaɗa wanda mai walda a Kunci zai iya gyarawa. Ɗalibin zane ya tsara ma'ajiyar albasa mai shan iska. Ɗalibin aikin jarida kuwa ya shirya shirin rediyo da Hausa kan yadda buhu mai ruɓi uku ke kashe ƙwarin wake ta hanyar hana su iska, ba tare da an zuba guba ba.

Wannan ba mafarki ba ne. Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jihar Jigawa, ya sa tukunya cikin tukunya, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi. Yayin da ruwan ke bin iska sai ya tafi da zafi, kayan lambu su daɗe ba su lalace ba. Wannan dabara ta jawo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000, alhali kuwa yumɓu da yashi ne kawai jarinsa.

Wasu za su ce ɗalibi jarrabawa ce gabansa, kuma kayan aiki na da tsada. Gaskiya ne. Amma wanda ya auna ƙarfe da hannunsa, ya ga injinsa ya ƙi tashi, ya nemi dalili, ya fi mai haddar allo riƙe lissafi, domin gani ya kori ji. Batun kuɗi kuwa, ai ana kashe su a yanzu ma, sai dai a kan abin da ba ya fita daga harabar makaranta.

Don haka muna kira da a yi abu uku. Na farko, kada a amince da aikin ɗalibi sai ya faɗi ƙauyen da ya gano matsalar. Na biyu, a sa manomi da maƙeri cikin masu duba aikin, a kuma gwada shi a gona. Na uku, ƙananan hukumomin Bichi da Ɗambatta da Minjibir da maƙwabtansu su riƙa shirya baje kolin ayyukan a ranar kasuwa, su sayi wanda ya fi inganci su ba ƙungiyoyin manoma.

Iyayen waɗannan yara da gumin gona suka biya kuɗin makaranta. Haƙƙinsu ne su ga ilmin ya komo gida. Allah Ya sa masu iko su ji.